Riƙon Zauren Hakimi

Idan ka bar Kazaure ka nufi yamma, ka ɗan karkata arewa kamar mai zuwa Gwiwa, akwai inda rairayi yake ƙarewa ƙasa ta koma ja, duwatsu su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin biyu daga cikinsu garinmu yake. Ba a hango shi daga nesa. Kan kukoki za ka fara gani, sannan ka ji kukan jaki, kafin ka ankara sai ga ka a bakin tafki, mata suna wanki suna kallonka. Kakata takan ce garinmu gari ne mai kunya, ba ya son a gan shi, kuma da gangan aka kafa shi haka. A zamanin hare-hare, in an gama girbi, mahaya sukan sauko daga arewa su kwashi hatsi su kwashi mutane. Kakanninmu ba mayaƙa ba ne. Abin da suka iya shi ne ɓuya, kuma sun iya ta sosai. Da mai gadin kan dutse ya ɗaga murya, kowa sai ya ja akuyarsa da 'ya'yansa ya haye sama, maharan su shigo su tarar da murhu da ɗumi amma babu masu gida. Har na yi wayo akwai ragowar ganuwa ta gabas, muna hawa muna cin kanya a kai.

Wannan ɓoyayyen gari shi ne ya zama mazaunin hakimi. Da Turawa suka ce hakimai su bar birni kowa ya je ya zauna cikin talakawansa, sai aka turo mana namu, saboda tafkinmu ba ya ƙafewa komai tsawon rani, kuma muna da kasuwa. Ya zo da alƙali da malamai da dogarai. Daga baya aka yi ɗakin shan magani da 'yar makarantar elementare. Duk faɗin ƙasar, tun daga rugagen Fulani na bayan dutse har ƙauyukan da suke kallon Daura, wanda yake da ƙara, ko koke, ko ciwon da ya ƙi jin saiwa, garinmu zai zo. Mu kuwa muka shiga hura hanci. Mutumin da gidansa bai fi tafiyar hantsi da namu ba, in ya shigo sai mu ce ga baƙauye. Alhali manoma ne mu kamar su, gero da dawa da gyaɗa. Akwai maƙera a gindin dutse, akwai marina da mahauta, ga matan Fulani da ƙwaryar nono kowace safiya. Abin da kawai muka fi ƙauyukan da shi zauren hakimi ne.

Kakana ne ya gina zauren, ya gina wa hakimi na farko, babana kuma ya gaje shi a sarautar magina. Ban ga zaurukan duniya ba, amma na ga na Roni, na ga na Babura, kuma ba son kai ba, namu ya fi. Babu ginshiƙi ko ɗaya a cikinsa. Bakuna huɗu ne suka taso daga bango suka lanƙwasa suka haɗu a sama, aka kafa farar tasa a mahaɗarsu. Da tsakar rana in ka shiga sai sanyi ya ratsa ka kamar ka leƙa randa. Sai dai ginin ƙasa ɗan lallashi ne. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an sake masa yaɓe, an duba azara ko gara ta shiga, an gyara indararo. Hakimi ke ba da umarni, mai shela ya zaga, kowace unguwa ta fito da majiya ƙarfinta, masu haƙo ƙasa, masu kora jakuna, masu kwaɓi da ƙafa. Babana yana can sama yana cafe curin ƙasa yana shafawa da tafin hannu. In maza sun gama, mu mata mu shiga da madaɓai da ruwan makuba, mu daɓe ƙasan muna waƙa har ya yi sulɓi. Ni ba na fashin wannan daɓe, ko da goyo a bayana.

Babana gajere ne, mai faɗin ƙafa, ba mai yawan magana ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina rarrafe. Da aka yi mini aure a unguwar marina, shi ya gina mini ɗaki a gidan mijina, ya ƙi yarda kowa ya sa hannu a yaɓen. Ya ce ba za a ji uwar Sarkin magina tana tara ƙwarya a tsakar ɗaki in ana ruwa ba.

Mu nawa ne a garin a wancan lokaci? Ban sani ba, kuma ba na jin akwai wanda ya sani. Mu ba ma ƙirga mutum. Tambayi mace 'ya'yanta nawa, sai ta ce ai suna nan, Allah dai ya raya. In ka matsa mata ta faɗa, za ta tsallake ɗan fari, don kunya ba za ta bar ta ta sa shi a baki ba. Bafulatani kuwa gara ka zage shi da ka tambaye shi yawan shanunsa. An ce ƙirge yana kwashe albarka. Ban da wannan ma, duk ranar da muka ga malami ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiya yana tambayar mutum nawa ne a gida, mun san abin da zai biyo baya da kaka, haraji ne da jangali. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

To, wata shekara, ina goyon ɗana na biyu, sai mai shela ya zaga ya ce za a yi ƙidaya, ta kowa da kowa, har mata har jarirai. Ya ƙara da cewa an ce a faɗa mana wannan ba ruwanta da haraji. Wannan ƙarin shi ya ɓata komai. Tsofaffi suka taru a ƙofar masallaci suka ce in babu rami me ya kawo maganar rami? Wani ya ce soja za a ɗiba, wani ya ce harajin mata ne zai fito. Babu wanda ya ba da umarni, babu wanda ya yi shela ta biyu, amma ranar da masu ƙidaya suka iso garin ya yi abin da ya gada. Samari suka haye dutse tun da sassafe. Yara aka zuba su a rumbuna aka jefa musu ƙuli-ƙuli don su yi shiru. Fulani suka kora shanu da iyali suka yi arewa kamar za su tsallaka iyaka su shiga ƙasar da Faransi ke mulki. Ni ma na miƙa wa surukata babban ɗana ta ɓace da shi ta bayan danga, na fito da na goye shi kaɗai, domin shi ba ya ɓoyuwa, bakinsa ba ya rufuwa.

Masu ƙidayar samari ne biyu 'yan birni, da dogari mai yi musu jagora. Suka bi gida-gida cikin rana, ko'ina tsoho da tsohuwa da akuya. A gidan maƙwabciyata ɗayansu ya ga 'yan ƙoƙunan kunun yara jere a tsakar gida, ya ce, "Inna, waɗannan fa na su wa ne?"

Ta ce, "Na kaji ne, ɗan nan."

Ya yi murmushi ya wuce. Da yamma, bayan sun tafi, garin ya ɓarke da dariya, ana ta zaro yara daga rumbu fari fat da ƙaiƙayi. Babana ma da ba ya dariya sai da ya murmusa. Har yau in wani ya ce mun yi wauta sai raina ya ɓaci. Da wannan wautar kakanninmu suka tsira da 'ya'yansu, kuma babu wanda ya zo ya zaunar da mu ya ce ga abin da za a yi da yawan namu in an ji shi.

Akwai wani gari a ƙasar hakiminmu, can gabas, wanda hanyar mota ta bi ta gefensa. Da can ko kasuwa ba shi da ita, wurinmu suke zuwa sayen kanwa da allura. Amma mota ta kawo musu masu awon gyaɗa, masu awon gyaɗa kuma suka kawo musu labarin duniya. Su sun ji ƙishin-ƙishin cewa inda mutane suka fi yawa can abin hukuma zai tafi. Ranar tasu ƙidayar, an ce ko baƙon da ya tsaya shan fura sai da aka riƙe shi aka ƙirga. Ban gani da idona ba, kuma na yarda haushi yana sa mu ƙara wa labarin gishiri.

Aka yi shiru har muka manta. Sai labari ya zo daga Kazaure cewa hakimi zai tashi ya koma garin bakin hanya, shi da alƙali da ɗakin magani da makaranta. Dalili kuwa, wai an duba an ga garinmu babu mutane. Dattawa suka ɗunguma gaban hakimi suka faɗi, suka ce ranka ya daɗe, ai kai ka san muna nan, kai kake ganin mu ranar yaɓe. Ya ce ya sani. Ya ce shi ma ba da son ransa ba ne, a gidan nan aka binne cibiyarsa, amma abin daga sama yake, kuma abin da muka faɗa da bakinmu shi aka ɗauka. Wani tsoho ya ce to a sake ƙirga mu, wannan karon kowa zai fito har na cikin ciki. Hakimi ya ce ba a yin ta sau biyu. Garin neman ƙiba mun samo rama. Kowa ya koma gida yana kallon ƙasa.

Ranar tashi, da hantsi, aka ɗora kaya a kan jakuna da raƙuma, domin mota ba ta iya shigowa duwatsunmu. Mu mata muna leƙe ta saman danga. Hakimi ya fito daga zaure, dogon mutum mai sanyin murya. Babana ya matsa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, gidan fa? Ga bazara ta matso."

Hakimi ya ɗaga kai ya dubi zankwayen zauren, ya daɗe yana kallo. Ina jin nauyi ne ya kama shi, ga jama'a, ga mutumin da ya yi wa gidansu hidima tun yana yaro. Sai ya ce, "Sarkin magina, ka riƙe mini zauren nan. Ina zuwa."

Babana ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Wane Bahaushe ne bai san ina zuwa ba? Wanda ya gaji da hirarku, ina zuwa zai ce ya kaɗe rigarsa. Wanda ka roƙa abin da ba shi da niyyar bayarwa, ina zuwa. Ba a kiranta ƙarya. Ƙofa ce ta fita ba tare da an ba kowa kunya ba, mai ji kuma ya san inda zai ajiye ta. Babana ma ya sani, ba yaro ba ne. Amma a wurinsa bakin hakimi daban yake da bakin 'yan hira. An ba shi riƙo a gaban jama'a, ya amsa a gaban jama'a. Abin da aka ba ka riƙo kuwa ba ka ajiye shi sai mai shi ya miƙo hannu.

Bazarar farko mutane suka fito yaɓe ba tare da shela ba, wasu don kunya, wasu don sa rai. Muka yi daɓe har da waƙa. Ta biyu ba su kai haka ba. Ba mugunta ba ce. Mahauta ne suka fara tashi, don babu sauran masu ƙara da za su ci tsire a ƙofar alƙali. Sai masu tuwon sayarwa, sai maɗinka. Matan Fulani suka sake hanya da nononsu. Kasuwar da take ci har la'asar ta koma watsewa kafin azahar. Samarin nan da suka haye dutse ranar ƙidaya suka tafi cin rani Kano, wasu suka dawo da damina, wasu sai dai aike. Gida kuwa in aka rufe shi, rufin ne yake fara zama, sannan bango ya bi. Nakan taso daga unguwar marina zuwa gidanmu ina ratsa kangaye, in wuce gidan wadda ta ce ƙoƙunan na kaji ne, in ga kajin maƙwabta suna tono a tsakar gidan. Ƙaryar da muka yi wa masu ƙidaya tana ta zama gaskiya a gaban idonmu, kuma babu yadda za mu yi da ita.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle zaure. Babana ya koma yin aikin gari guda, shi da duk wanda ya samu ya lallaɓa na yini ɗaya. Yakan fara tun sanyi bai gama fita ba don ya riga ruwa. Shi zai haƙo, shi zai kwaɓa, ya hau tsani da curi a kafaɗa, ya shafa, ya sauko ya ɗauki wani. Nakan kai masa fura da rana, in zauna a inuwa ina cika ina batsewa. Haushinsa nake ji, da na hakimi, da na garin, har da na zauren kansa.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, wai wa zai zauna a ciki? Jemagu?"

"Ba a ce in duba mai zama ba, Uwata. Riƙo aka ce."

"Ai ka san ba zai dawo ba."

Ya kurɓi fura ya goge baki da bayan hannu. Ya ce, "In ba zai dawo ba sai ya faɗa mini. Ai yana da baki."

Ana nan sai gara ta shiga azarar bakan arewa, tsaga ta fito tun daga tasa har ƙasa. Yaɓe ba ya maganin wannan, sai sabuwar azara. Azara kuwa sai an sare giginya, giginya kuma ba a taɓa ta sai da izinin hukuma. Ya zama dole babana ya je gaban hakimi. Ni ma ƙaramin ɗana yana fama da ciwon ido, ga ɗakin magani ya koma can, sai muka tafi tare, shi a ƙasa, ni da yaron a kan jaki.

Sabon gidan hakimi na siminti ne da rufin kwano. Babana ya tsaya ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa. Na kai yaron aka ɗiga masa magani, na dawo na rakuɓe a bakin ƙofa cikin matan da suka kawo koke. Zauren zafi kamar tanda. Hakimi ya tsufa, ya rame, ana yi masa fifita, ga mutane maƙil, masu gyaɗa da masu rikicin gona. Da babana ya samu shiga ya faɗi ya yi gaisuwa, hakimi ya gane shi nan take, har fuskarsa ta saki.

"Sarkin magina. Yaya mutanen gida?"

"Suna gaisuwa, ranka ya daɗe. Waɗanda suka rage."

"Zauren fa?"

"Yana tsaye. Sai dai gara ta shiga bakan arewa. Giginya nake roƙo a ba ni izini in sara." Ya ƙara sunkuyar da kai. "In kuma an sauke mini riƙon ne, Allah ya ja zamaninka, sai a faɗa mini."

Na kasa kunne. Abu ɗaya nake roƙon Allah ya fito daga bakin hakimi, ya ce bar shi. Da ya faɗi haka, da babana ya kwana da ciwo ya tashi da sauƙi. Amma wane basarake ne zai buɗe baki a gaban fadawa ya ce a bar zauren ubansa ya rushe? Na ga idon hakimi ya kawo ruwa. Ya dafa kafaɗar dogari ya miƙe, ya ce, "Za a duba maganar giginyar. Zauna, ina zuwa." Ya shige cikin gida.

Muka zauna. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Can sai wani bafade ya fito da ƙwaryar fura da goro, ya ce hakimi ba ya jin daɗin jikinsa, ya ce a gaida mutanen gida. A hanyar komawa jira nake babana ya fara magana. Sai da muka hango kan kukokin garinmu ya ce, "Kin dai ji bai ce in bari ba."

Izinin giginya bai zo ba. Abin da ya zo bayan girbi labarin rasuwar hakimi ne. Na je gida na tarar da babana zaune a kan buzu, hannuwansa a kan gwiwa. Na yi masa gaisuwa, a raina kuwa har da ɗan sanyi, na ce yanzu kam tsoho zai huta.

Na ce, "Baba, to ai riƙo ya ƙare."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ya ƙare ta ina? Da yana da rai ina sa ran ya karɓa, ko ya ce in ajiye. Yanzu wa zai ce?"

"Sabon hakimi mana."

"Ba shi ya ba ni ba."

Wanda aka naɗa ɗin daga birni aka kawo shi, bai taɓa taka duwatsunmu ba. Da dattawa suka je mubaya'a suka yi masa maganar zauren, an ce tambaya ya yi, wane zaure? Ban ga laifinsa ba. Babana ya samo itacen marke ya tokare bakan arewa. Zauren da kakana yake alfahari ba shi da ginshiƙi ya koma tsayuwa da sanda.

An sake yin ƙidaya daga baya. Wannan karon babu wanda ya hau dutse. Aka fito da kowa, har makafi da marasa lafiya aka ɗauko aka jera a ƙofar zaure, mata suna kiran sunan 'ya'yan fari da bakinsu suna rufe fuska. Ihu bayan hari. Masu ƙidayar suka gama da mu tun rana ba ta yi zafi ba, suka sha ruwa suka wuce.

Marina ne suka fi kowa daɗewa a garin, saboda karofi, ramin rini, ba ya ɗaukuwa a kan jaki. Amma rini sai da masu kawo zane, su kuwa sun ƙare. Mijina ya yi haƙuri iyakar haƙuri. Wata rana ya ce ya samu wuri a garin bakin hanya, za mu tashi kafin ruwa ya sauka. Ban yi musu ba. Yara suna bukatar makaranta da magani, tukunya kuma tana bukatar abin zubawa. Na roƙi babana ya bi mu. Na tura masa liman, na yi kuka, na yi fushi na kwana biyu ban kai fura ba. Mahaifiyata ta riga ta rasu, babu mai tanƙwara shi. Gwaggona, ƙanwarsa, ita ta ce in tafi abina, za ta zauna ta riƙa yi masa tuwo.

Ranar da za mu tashi na same shi a bayan zaure yana kwaɓi. Ƙafafunsa sun nutse cikin jar ƙasa har ƙauri, yana dafe da bango don kada ya faɗi. Tun asuba nake shirya abin da zan faɗa masa: Baba, mun tashi ke nan, ba dawowa za mu yi ba, ka yafe mini. Na yi wa raina alkawari ba zan yi masa abin da aka yi masa ba. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "An gama ɗaure kaya?"

Na ce, "An gama."

"A kula da idon yaron nan."

Na ce to. Ya dube ni, da ƙasa a gemunsa, yana jira. Na buɗe baki. Yadda 'ya za ta dubi tsohon ubanta ta ce na tafi ke nan, ni ban san shi ba. Ba a koya mini ba, ban taɓa jin wata ta faɗa ba.

Na ce, "To Baba, ina zuwa."

Magana zarar bunu. Na ji ta a kunnena kamar wata ce ta faɗa. Ya daina taka ƙasar. Bai yi fushi ba, bai kuma ce ke ma ba, da ya faɗi haka da na ji sauƙi. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To, Uwata. Zan riƙe miki ɗakin."

Na zo, ba zan ce ban zo ba. Nakan zo da salla, ko in an yi rasuwa, in sauka a gidanmu in kwana in juya. Unguwar marina kuwa ban taɓa iya taka ta ba, ko hanyar ba na kallo. Shi kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Zauren ya faɗi a wata damina mai marka, da rana tsaka. Bakan arewa ne ya sauka ya ja sauran. Gwaggo ta ce da ruwa ya tsaya babana ya je ya yi ta tono da hannu har ya zaro farar tasar nan, ya wanke ta, ya naɗe a tsumma ya tura ƙarƙashin gado, ya ce ko wani zai zo nema. Bai ga damina ta gaba ba, ya rasu ana haɗa hadarin farko.

Da aka share makoki, gwaggo ta ce in je in ga ɗakina kafin in koma. Na ce me zan gani? Ta ce ke dai je ki. Unguwar marina ta zama fili, ciyawa da tulin ƙasa da ramukan karofi, ban ma gane ƙofar gidan mijina ba sai da na bi ta jikin tsamiya. Ɗaki ɗaya ne a tsaye. Sabon yaɓe ne a jikinsa, ja, da sawun yatsu layi-layi ko ruwa bai taɓa su ba. Yaɓen bai kai sama ba. Ya zagaye ɗakin, ya tsaya daidai inda hannun gajeren mutum yake kaiwa in yana tsaye a ƙasa.